Babi na Bakwai: Wutar Kwal da Tokar da Take Bari

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, a ƙauyukan da ke ƙasashen Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, mutane sun ga agwaginsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ya kawo wani abu a ransa, domin mutuwar tsuntsun gida ba baƙon abu ba ne a karkara. Sai yara suka biyo baya. Yaro zai kwana lafiya, ya wayi gari da amai da ciwon ciki, jim kaɗan ya fara sanƙarewa yana fizge-fizge, kafin a kai ga mai magani rai ya yi halinsa. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a watan Maris, aka ɗebi jini aka kai awo, kafin aka gane cewa dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare cike suke da ita. Ana kawo su cikin gari a farfasa, a zuba a injin niƙa irin wanda ake niƙa dawa da masara, wani lokaci a daka a turmi a tsakar gida, ƙurar ta kwanta a ƙasa inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Abare, Dareta, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega duk sun shiga wannan lissafi, kuma yaran da suka rasu ba su gaza 400 ba.

Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi gida-gida a biyu daga cikin ƙauyukan ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Gyaran da ya biyo baya aikin hannu ne mai cin rai. Gida-gida aka bi ana kankare saman ƙasa da fartanya, ana ɗurawa a buhuna, ana kai wa rami a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, domin ba amfanin ba yaro maganin fitar da dalma a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa ita. An yi wa Abare wannan aiki tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, Bagega kuwa ta jira kuɗin gwamnati har 2013. Dalilin buɗe babin kwal da wannan labari shi ne, mutanen Abare sun riga sun san wani abu da masu zana tashoshin lantarki a takarda ba su cika faɗa ba. Duk abin da aka tono daga ƙasa aka niƙa ko aka ƙona, yana da kashi biyu: wanda ake so, da wanda ya rage. Na farkon yana da mai saye da mai awo da mai ƙirga kuɗi. Na biyun idan ba a tanadi mai auna shi tun farko ba, jikin yara ne ke zama ma'auninsa. Hujjar wannan babi ke nan game da tashar kwal: ba a yanke mata hukunci da yawan megawat ɗinta, sai an ga wa wutar ke kai wa, kuma wa ke auna abin da ta bari.

Aikin tashar kwal ba shi da wuyar fahimta. Tukunya ce babba. Ana ƙona kwal, wanda mutanen Nijar ke kira gawayin ƙasa, a tafasa ruwa, tururin ya fita da ƙarfi ya juya farfela, farfelar ta juya janareta. A yawancin manyan tashoshi sai an niƙa kwal ɗin ya yi laushi kamar garin tuwo, a hura shi cikin wuta don ya ci da sauri. Idan aka ce tasha tana da megawat kaza, ƙarfinta ake faɗa a lokacin da komai ke tafiya daidai, kamar a ce mota tana iya gudun kilomita 180 a awa. Abin da mai gida ke saye kuwa yunit ne, irin wanda ke raguwa a mitarsa. Megawat ɗaya idan ya yi aiki awa ɗaya, yunit 1,000 ya bayar. Shekara tana da awa 8,760, kuma babu tashar da ke cika su, saboda akwai gyara, akwai lalacewa, akwai ranar da kwal ko ruwa ya yanke. Ita kanta tashar tana cinye wani kaso na abin da ta samar wajen juya injinan niƙa da fanfunan ruwa da fankokin iska, sannan wani kason ya zube a hanya cikin dogayen wayoyi. Saboda haka lambar da ake rubutawa a allon aza harsashi ita ce mafi girma da za a taɓa ji, duk lambar da ta biyo bayanta ƙasa take yi.

Misali mafi kusa da ƙasar Hausa yana Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas. A 1975 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONICHAR don haƙar kwal a can, tashar kuma ta fara ba da wuta a 1981. Injina biyu ne, kowane megawat 18.8, jimilla 37.6. Ko da a ce sun yi shekara cur ba tsayawa, iyakar abin da za su bayar bai kai yunit miliyan 330 ba, kuma ainihin abin da ke fita ya gaza haka. Dole a yaba wa wannan tasha, domin riƙe injin tururi yana aiki sama da shekara 40 a bakin Sahara ba ƙaramin aiki ba ne, kuma 'yan ƙasa ne ke riƙe da shi. Amma a dubi inda wayar ta nufa. An gina tashar ne domin ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan, wato kamfanonin SOMAIR da COMINAK, kuma su ne suka daɗe suna shan kaso mafi tsoka, garuruwan Agadas da Arlit da Cirozerin suna samun ragowar. Yuraniyom ɗin da aka haƙo da wutar kwal ɗin Anu Araren ya je Faransa ya haskaka gidaje ba tare da hayaƙi ba, hayaƙin da tokar suka zauna a Ayar, kuma rugage da ƙauyukan da wayar ta ratsa ta samansu da yawa sun ci gaba da kwana da cocila. Da COMINAK ya rufe a ƙarshen Maris 2021, tashar ta rasa ɗaya daga manyan masu sayen wutarta. Babbar tasha tana bin babban mai saye ne, haka tsarinta yake a ko'ina, kuma ƙauye irin Abare ba ya cikin manyan masu saye.

Yanzu a juya ga ɗaya kashin. Kowane yunit ɗaya na wutar kwal yana tafe da kusan kilo ɗaya na iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya. Mutum zai yi mamakin yadda hayaƙi zai fi abin da aka ƙona nauyi, amma dalilin a fili yake: sinadarin kabon da ke cikin kwal yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa yayin ƙonewa, tan ɗaya na tsantsar kabon ya zama tan 3.67 na iskar. Ga kuma asarar zafi. A tsohuwar tasha kusan kashi biyu cikin uku na zafin da kwal ya bayar ba ya zama lantarki, bututun hayaƙi da ruwan sanyaya injin ne ke tafiya da shi. Tashar iskar gas ta zamani tana fitar da ƙasa da rabin iskar kabon da ta kwal ke fitarwa a kowane yunit. A jihar Tawa akwai shirin Salkadamna, wanda Shugaba Mahamadu Isufu ya aza harsashinsa a 2014, da burin kai shi megawat 600. Idan tasha mai wannan girma ta yi aiki kashi 70 cikin 100 na awannin shekara, za ta ba da yunit kusan biliyan 3.7, ta kuma saki iskar kabon wajen tan miliyan uku da rabi duk shekara, har tsawon shekara 30 ko 40 na rayuwarta.

A nan ne mai musu ke fara magana, kuma yana da gaskiya a farkon zancensa. Zai ce Ingila da Jamus da Amurka da Sin duk da kwal suka gina masana'antunsu, Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa ba, to da wane baki za a hana Nijar ko Najeriya ƙona abin da Allah ya ajiye a ƙasarsu? Ingila ba ta rufe tasharta ta ƙarshe ba sai a ƙarshen Satumba 2024, bayan shekara 140 da ɗoriya tana cin moriyar kwal. Wannan magana ba ta da amsa ta fuskar adalci, kuma ban ga dalilin da zai sa a nemi talakan Sahel ya biya bashin da ba shi ya ci ba. Da a ce iskar kabon kaɗai tashar kwal ke fitarwa, da hujjar hana ta a nan ta yi rauni ƙwarai. Abin da kawai za a tuna shi ne, masu ba da rancen sun riga sun janye. Ko Sin, wadda ta fi kowa gina irin waɗannan tashoshi a ƙasashen waje, shugabanta Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumba 2021 cewa ta daina. Duk wanda zai gina yanzu da tsadar bashi zai gina, kuma inda kuɗi ya yi wuya, kayan tace hayaƙi ne ake fara sokewa daga lissafi.

Iskar kabon tana watsuwa ta game duniya. Sauran abin da ke fita daga bututun kuwa a kusa yake sauka, kuma shi ne ya shafe mu kai tsaye. Kwal yana ɗauke da farar wuta, idan ta ƙone ta zama iska mai shaƙe maƙogwaro, mai tayar da asma, wadda ke haɗuwa da raɓa ta koma ruwa mai tsami ta sauka kan gona. Akwai kuma ƙura mai tsananin laushi, wadda ba ta kai ɗaya cikin ashirin na kaurin gashin kai ba. Hanci ba ya tare ta, tana wucewa har ƙarshen huhu ta shiga jini, kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da alaƙarta da ciwon huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A Disamba 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin Landan kwana biyar, aka ƙirga mutum 4,000 da suka mutu nan take, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Duk wanda ya san hunturu a ƙasar Hausa ya san irin wannan yanayi: iska ta kwanta da asuba, hayaƙin murhu ya ƙi tashi sama ya tsaya a kan rufin gidaje, hazo ya rufe gari, yara suna tari. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa ta nufi kudu maso yamma, kuma ba ta tsayawa a kan iyaka a duba mata takarda. Babbar tasha a jihar Tawa, ƙasar Adar, maganar Sakkwatawa da Kabawa da Zamfarawa ce kamar yadda take maganar Adarawa.

Sai toka, wadda ba a cika ambatonta ba alhali ita ce ta fi kama da abin da ya faru a Abare. Kwal ba tsantsar gawayi ba ne, haɗe yake da laka da duwatsu, kuma na Anu Araren an san shi da yawan toka. A ɗauka kwal yana da toka kashi 40 cikin 100: duk tan 200,000 da aka ƙona zai bar tan 80,000, wato lodin tirela mai ɗaukar tan 30 sama da 2,600. Wuta ba ta cinye ƙarfe. Ɗan abin da ke cikin kwal na dalma da asanik da makamantansu yana taruwa ne a cikin tokar, kamar yadda gishiri ke zama a gindin tukunya idan ruwa ya ƙone. Idan aka jibge ta a fili, iskar rani ta kwashe ta, ruwan damina ya wanke ta zuwa fadama da rijiya. Amurka da duk ƙarfin hukumominta, a Disamba 2008 madatsar tokar tashar Kingston a jihar Tennessee ta ɓalle ta malale gonaki da kogi, aka shafe shekaru ana kwasa. Zaiba kuwa ba ta tsayawa a toka duka, yawancinta tururi take zama ta bi hayaƙi. Ƙididdigar hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta nuna cewa babbar hanyar da zaiba ke shiga iska a duniya ita ce haƙar zinare ta gargajiya, mai bi mata kuma ƙona kwal. Yammacin Zamfara ya riga ya ɗauki ta farkon a ka, domin da zaiba ake kama zinare a wanke, a ƙona ta a cokali a tsakar gida. Ƙara ta biyun a kan wannan yanki ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa. Ga kuma ruwa: tashar tururi mashayiya ce, ta Anu Araren daga rijiyoyin burtsatse take sha, ruwan da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da Sahara ke da damina, wanda ba ya dawowa da saurin da ake jan sa.

Mai musu zai ce ai duk wannan yana da magani, kuma gaskiya ne. Akwai na'urar da ke kama sama da kashi 99 cikin 100 na ƙurar bututu, akwai wadda ke wanke hayaƙi da farar ƙasa ta cire mafi yawan farar wutar, akwai ramin toka mai shimfiɗar roba da ba ya yoyo. Injiniyoyi sun gama nasu. Tambayar ita ce ko za a saka, in an saka ko za a kunna, in ta lalace ko za a gyara. Waɗannan na'urori ba sa ƙara yunit ko ɗaya, hasali ma ci suke yi, don haka mai tasha ba shi da ribar kunna su sai in akwai wanda zai kama shi idan ya kashe. Afirka ta Kudu ta ishe mu misali. A 2010 Bankin Duniya ya ba kamfanin Eskom rancen dala biliyan 3.75, mafi yawansa don tashar Medupi mai kusan megawat 4,800, da sharaɗin za a saka na'urar cire farar wuta. Tashar ta fara ba da wuta a 2015, aka kammala injinanta shida, aka yi ta ɗage wa'adin na'urar shekara bayan shekara. Wannan ƙasa ce mai kotuna masu ƙarfi da 'yan jarida masu bin diddigi da na'urorin awon iska a garuruwa. Mu kuma a 2010 sai da aka fitar da jinin yaran Zamfara zuwa Turai kafin a san abin da ke kashe su, kuma shekara biyar bayan haka, a 2015, dalma ta sake kashe yara 28 a yankin Shikira na jihar Neja. Najeriya tana da dokar tantance illar ayyuka ga muhalli tun 1992, tana da hukumar kare muhalli ta NESREA tun 2007. Dokar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai je da ma'auni a hannu, ya dawo ya faɗi abin da ya gani, a kuma saurare shi.

Hujja mafi nauyi a wajen masu son kwal ita ce duhu ma yana kisa, kuma wanda bai yarda da wannan ba bai san karkara ba. Asibitin da ba wuta allurar rigakafi lalacewa take yi a cikinsa, ungozoma da hasken waya take karɓar haihuwa. Mai walda da mai injin markaɗe da mai sayar da ƙanƙara ribarsu a man janareta take ƙarewa, kuma janaretan nan hayaƙinsa a ƙofar ɗaki yake fita, ba a dogon bututu ba, yana kashe iyali guda a dare ɗaya idan aka kwana da shi a rufe. Matar da ke girki da itace tana shaƙar ƙurar da ta fi ta gefen kowace tasha yawa, dajin kuma yana ƙarewa. Bankin Duniya ya ƙiyasta 'yan Najeriya wajen miliyan 85 ba su da wutar gwamnati. Ga Nijar kuma maganar ta wuce ta jin daɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta katse wutar da take tura mata, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a mayar ba sai a Maris 2024. Ƙasar da ta ɗanɗana haka ba za a zarge ta ba idan ta dubi gawayin da ke ƙarƙashin ƙasarta ta ce da shi za ta tsaya da ƙafarta. Da babu gara ba daɗi, in ji masu wannan ra'ayi.

Sai dai a duba ko rashin tasha ne ya jefa Abare cikin duhu. Tashoshin da Najeriya ke da su a yau ƙarfinsu a takarda ya kai wajen megawat 13,000, abin da ke isa ga jama'a kuwa tsakanin 4,000 da 5,000 yake yawo. Sauran yana maƙale ne saboda rashin gas, da bashin da ba a biya ba, da wayoyin da ba za su iya ɗauka ba. A Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu, alhali madatsun Shiroro da Kainji da Jebba suna nan da ruwansu, layin da ke ɗauko wutar ne aka lalata a dajin da ba tsaro. Ƙarin megawat 600 a bakin wayar da ta tsinke ba ya kunna ƙwai ko ɗaya a Anka. Tarihin kwal ɗin Najeriya ma abin dubawa ne. An gano shi a Inugu a 1909, ya tuƙa jiragen ƙasa har Kano da Ƙaura Namoda, a kansa aka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949, a 1956 aka buɗe tashar kwal ta Oji River. Da jirgin ƙasa ya koma dizal, aka gama madatsar Kainji a 1968, yaƙin basasa ya zo, sai harkar ta durƙushe, tashar ta zama kufai. Tun daga lokacin gwamnatoci sun sha alkawarin samar da kashi 30 cikin 100 na wutar ƙasa daga kwal, an sa hannu a takardu a kan wurare irin su Itobe a jihar Kogi, amma har yau ba tashar kwal ko ɗaya da ke ba layin ƙasa wuta. Shekarun da aka yi ana jiran waɗannan, da faifan sola da batir aka kafa a asibitin kowace gunduma, da tuni an gama. Rana dai ba ta yi mana rowa ba. An buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kano a 2023, da mai megawat 30 a Goru Banda kusa da Yamai a shekarar, kowace cikin ɗan lokaci, kuma ƙaramar irinta ana iya kafa ta a gefen ƙauye ba tare da jiran waya daga Gusau ba.

Na san sola ba ta narka dutse ta yi siminti, kuma dare yana da tsawo. Masana'anta tana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa. Amma a nan ma akwai abin da ya riga kwal a layi: bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, madatsar Zungeru mai megawat 700, madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a kan kogin Kwara, har da Bakolori da ke nan cikin Zamfara, wadda aka yi ta da ƙananan injinan lantarki da suka daɗe a kwance. Ban ce kwal ba shi da gurbi ko kaɗan ba. Kamfanonin siminti suna ƙona shi yanzu haka, na Ashaka daga ramin Maiganga a jihar Gwambe yake ɗiba, kuma a Nijar ana gasa kwal ɗin Anu Araren a sayar wa magidanta don rage saran itace. Tashar SONICHAR ma rufe ta yau zalunci ne ga Agadas. Waɗannan da suke aiki, abin da ya kamata a nema a kansu shi ne awo: me ke fita daga bututu, me ke cikin tokar, me ke cikin rijiyoyin maƙwabta. Idan hukuma ta nuna tana iya sa ido kan tasha mai megawat 37 da ramin kwal guda a Gwambe, ta buga sakamakon kowa ya gani, to ta sami bakin cewa za ta iya da mai 600. Idan ba ta iya da ƙaramar ba, babbar ta fi ƙarfinta tun ba a aza tubali ba.

Wannan magana ta matso kusa fiye da yadda ake zato. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohin Najeriya ikon tsara kasuwar wutarsu da ba da lasisi, kuma shimfiɗar ƙasar da kwal ɗin Salkadamna ke ciki ita ce ta miƙo har ƙasar Sakkwato. Ranar da wani zai zo Gusau ko Sakkwato ko Birnin Kebbi da zanen tasha da alkawarin aikin yi ba ta da nisa. Tun ran gini ran zane. Kafin a sa hannu, a auna jinin yaran ƙauyukan da ke kewaye da ruwan rijiyoyinsu, a ajiye sakamakon a hannun asibiti da fadar hakimi, don gobe kada a ce da ma can haka suke. A rubuta a cikin lasisi cewa injin ba zai tashi ba sai na'urar tace hayaƙi ta tashi tare da shi. A kafa ma'aunin iska a makarantar gari, a riƙa karanta abin da ya nuna a rediyo da Hausa kamar yadda ake karanta farashin hatsi. A ajiye kuɗin kwashe toka da gyaran ƙasa a asusun da kamfani ba zai iya taɓawa ba, tun kafin a ƙona tan na farko, domin Bagega ta yi shekara uku tana jiran kuɗin gyara yaranta suna kan gubar. A kuma faɗi a rubuce yunit nawa ne rabon garuruwan da za su shaƙi hayaƙin.

Sarakunan Anka da Bukkuyum da Gummi, da 'yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki, da malaman da ke hawa mumbari ranar Juma'a, ku ne kuka yi jana'izar yaran 2010, ba wanda zai koya muku abin da ƙurar da ba a auna ba take yi. Duk wanda ya zo muku da maganar tashar kwal, ku tambaye shi ina ma'aunin, wa zai riƙe shi, ina tokar za ta kwana. Idan bai zo da amsa a rubuce ba, kada ku ba shi fili.